"Idona Ƙalau": Abin da Suga Ke Yi wa Jijiyoyin Bayan Ido Tun Mai Shi Bai Farga Ba

Ta yaya mutum zai kwanta bayan ya yi tilawarsa ta dare ba tabarau, ya wayi gari ido ɗaya ya rufe kamar an watsa masa tawada? Kuma me ya sa irin wannan ke yawan faruwa ba da daɗewa ba bayan mutum ya fara zirga-zirgar asibitin ido?

A majalisunmu na Shari'a Mansur da Hindawiyya a Makka, da na Sabil da Karantina a Jidda, an riga an yanke hukunci: leza, wato hasken da likita ke harbawa cikin ido, ita ce ke ƙone ido, allurar da ake yi a cikin ido kuwa ita ke ƙarasa shi. Kowa yana da wani da ya sani wanda "yana gani har aka taɓa shi". Wani kawuna da ya shekara goma sha huɗu da ciwon suga ya riƙe takardar duba bayan ido a aljihun jallabiyarsa har ta yi laushi. Da na matsa masa sai ya ce, "Kai yaro, rabu da ni. Daga nan ina karanta lambar waccan motar. Idon da ba ya ciwo me zan kai shi ya yi? Kada garin neman gira a rasa ido."

Maganar Kawu ba ta wauta ba ce. Lissafi ne na mutumin da ya ga abin da ya faru da abokansa. Kuskurenta ɗaya: ta ɗauka ɓarnar tana farawa ne ranar da gani ya ragu, alhali kuwa ta fara ne shekaru kafin nan, a cikin wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani. Sai mun gangara can sannan rigimar leza da allura za ta warware.

Wace ce shabakiyya, kuma me ya sa ita ce ke fara ji a jika?

Abin da likitoci a nan Saudiyya ke kira shabakiyya wani tantani ne da ke shimfiɗe a bangon ciki na bayan ido, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili da ake kira makula, faɗinsa wajen milimita biyar. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Sauran filin na ganin gefe ne da na dare.

A bambance shi da yanar ido, wadda Larabawa ke ce wa moya baida. Ita a gaba take, a madubin ido, kuma ana cire ta a sa wani madubin. Shabakiyya ba a sauya ta. A haƙiƙa wani yanki ne na ƙwaƙwalwa da ya leƙo waje, kuma tana cikin sassan jiki da suka fi kowane cin iskar oksijin idan aka auna da nauyinsu. Ga yawan ci, ga ƙarancin hanyar kawo abinci, domin da jijiyoyin jini sun cika ta da sun tare haske. Saboda haka siraran jijiyoyi ne ke ciyar da rabinta na ciki, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau goma. Jajayen ƙwayoyin jini ma sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya, suna matsewa, sannan su wuce. Gidan da yake cin yau da na yau, babu rumbu, ko yaya kasuwa ta tsaya zai ji.

Wani abu kuma: babu jijiyar jin zafi a shabakiyya. Ko jini take zubarwa mai ita ba zai ji komai ba.

Mai shafe da mai runguma

Kowace siririyar jijiya ƙwayoyin halitta iri biyu ne suka gina ta. Na farko su ne na endotiliyal, waɗanda suka lulluɓe cikin bututun kamar shafen siminti a cikin tankin ruwa. A shabakiyya waɗannan ƙwayoyi ɗinke suke da juna da wasu furotin, ɗinki mai tsauri irin na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yadda ruwa da kitse da gishirin jini ba sa tsallakewa sai ta ƙofofin da aka tanada. Wannan shinge shi ya sa shabakiyya ke zama a bushe, garau.

Na biyu su ne ferisait, masu runguma. Suna kwance a bayan bututun, sun miƙa yatsu sun naɗe shi, kamar yadda ake ɗaure tiyo da waya don kada ya kumbura. Su ke ba bango ƙarfi, su ke taimakawa wajen daidaita gudun jini, kuma su ke tsawata wa ƙwayoyin shafe kada su riƙa hayayyafa barkatai. A jijiyoyin tsoka, mai runguma ɗaya kan kula da ƙwayoyin shafe masu yawa. A shabakiyya kusan ɗaya da ɗaya ne, kuma da wuya a sami wurin da ya kai ta a wannan a duk jiki. Tsakaninsu akwai wani siririn daɓe da dukkansu ke kwance a kai.

A 1961, a birnin Boston na Amurka, David Cogan da Toichiro Kuwabara da abokin aikinsu suka narkar da naman shabakiyyar mamata da wani sinadari, ya rage saura sarƙar jijiyoyin kaɗai, suka duba ta a madubin ƙara girma. A idon masu suga sai suka tarar da gurabe fayau inda masu runguma suke a da, kamar kufai. Tun daga lokacin aka san cewa mutuwar ferisait na cikin alamun farko-farko na cutar suga ta bayan ido, tun kafin likita ya iya hango komai da fitilarsa.

Ƙofar da ba ta da sakata

Sugan da ke cikin jini sunansa gulukos, kuma ba daga sukarin shayi kaɗai yake zuwa ba. Shinkafar kabsa, burodin tamis na safe, tuwo, fura, duk gulukos suke komawa bayan sun narke. Mai cewa "ni fa na daina shan sukari" alhali yana tashi da rabin faranti na mandi, bai rage abin da yake zato ba. Duk jinin jikin babban mutum mai lafiya, wajen lita biyar, gulukos ɗin da ke yawo a cikinsa bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, wato cokalin shayi guda. Gwangwanin lemo ɗaya kuwa yana ɗauke da sama da giram 30 na sukari. Ba banza ba gwamnatin Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba a 2017, ta kuma faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai zaƙi a ƙarshen 2019.

Ga inda matsalar take. Ƙwayoyin tsoka da na kitse suna da ƙofa mai sakata: sai insulin ya zo ya buɗe sannan gulukos ya shiga da yawa. Ƙwayoyin shafen jijiya ba haka suke ba. Ƙofarsu, wadda masana ke kira GLUT1, ba ta jiran insulin, kuma ba su iya rage shigowa sosai idan abu ya yi yawa a waje. In sugan jini ya kai 300 a na'urar awo, cikin ƙwayar ma ya cika. Shi ya sa ciwon suga ke zaɓen wuraren da yake ci: ido, ƙoda, jijiyoyin ƙafa. Ƙwayoyin waɗannan wurare ne ba su iya cewa "ya isa".

An cusa wa murhu itace

A cikin kowace ƙwaya akwai ƙananan murahu da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona gulukos da oksijin a sami ƙarfi. Idan itace daidai ne, wuta takan ci lumui. Idan aka cusa fiye da kima, sai ta fara tartsatsi. Tartsatsin nan wasu ɓaraguzan oksijin ne masu ci, suna ƙona duk abin da suka taɓa: fatar ƙwaya, furotin, har da kundin gado da ke tsakiyarta, wato DNA, mai ɗauke da umarnin yadda ƙwayar za ta yi aiki. Da kundin ya tsage, sai ma'aikatan gyara su taso, kuma a garin gyaran sukan kashe wani muhimmin inzayim (furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwaya) da ke kan babbar hanyar sarrafa gulukos. Hanya ta toshe a tsakiya, ga kaya na ta shigowa ta baya. Duk wanda ya taɓa kasancewa a Mina ranar jifa ya san abin da jama'a ke yi idan babban titi ya cushe: kowa ya nemi lungu.

Wannan bayani Michael Brownlee na birnin New York ne ya tsara shi a mujallar Nature a 2001, ya ce lunguna huɗu ne kayan ke bi, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

A lungu na farko, ana mayar da gulukos wani sinadari mai suna sobitol. Aikin yana cinye abin da ƙwayar ke amfani da shi wajen sabunta maganin kashe tartsatsi, sai ga gobara ga tulu babu ruwa. Wannan sobitol ɗin ne kuma ke taruwa a madubin gaban ido ya ja ruwa, ya sa gani ya yi hazo idan suga ya hau, ya washe idan ya sauka. Mutane da yawa wannan hazon suke ɗauka a matsayin "sugan ido", in ya washe su ce sun warke. Ba shi ba ne. Wannan mai zuwa ne ya tafi; kada ma a yanki sabon tabarau a lokacin da suga ke hawa da sauka, asarar riyal ce.

Lungu na biyu shi ya fi ba ni mamaki. Duk wanda ya tsaya a bakin tanderun mai tamis ya ga yadda farin ƙulli ke yin ja ya yi ƙamas. Sukari ne ke manne wa furotin da taimakon zafi. Irin wannan mannewa tana faruwa a jikin ɗan Adam, a hankali, cikin watanni da shekaru. Abin da ke fitowa, mu kira shi ƙanzo, yana ɗaure furotin da juna, daɓen jijiya ya yi kauri ya ƙage, amma kaurin bai hana shi yoyo ba, kamar tsohon tiyon da rana ta busar. Ƙanzon yana kuma taɓa wasu maɓallai a jikin ƙwaya da ke kunna kumburi. Gwajin da ake kira sukkar tarakumi, wato HbA1c, wannan mannewar yake aunawa a jikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma da yake su kwana 120 suke rayuwa, yana ba da labarin wata biyu zuwa uku. Ba a yi masa wayon ƙin cin abincin dare ana gobe awo.

A na uku ana tayar da wani inzayim, PKC, wanda ke sassauta ɗinkin ƙwayoyin shafe, ya rikita buɗewa da tsukewar jijiya. Ita kuwa mai runguma, rayuwarta ta dogara da wani saƙo da ƙwayar shafe ke aiko mata kullum. Yawan suga yakan toshe mata kunne, ta daina jin saƙon, sai ta kashe kanta a tsanake, kuma da wuya a maye gurbinta. Na huɗu yana liƙa ɓaraguzan sukari a kan furotin masu karanta kundin gado, su riƙa karanta abin da ba a sa su ba.

Ba duk masana ne suka yarda cewa wannan zane ya bayyana komai ba. An ƙera magungunan toshe lungun sobitol da na PKC, an gwada su a kan mutane, ba su ba da abin da aka yi fata ba. Ga alama in ka toshe lungu ɗaya, kaya su bi saura. An kuma gano cewa ƙwayoyin jijiyar gani da masu yi musu hidima su ma suna jigata tun da wuri, ba jijiyoyin jini kaɗai ba.

Yoyo, toshewa, sai gyaran gangar Auzinawa

Inda masu runguma suka mutu, bango yakan yi rauni ya bulluƙo, kamar tayar keke da ta yi ƙulu. Su ne jajayen ɗigo-ɗigo da likita ke fara gani. Ɗinki ya saki, sai ruwa da kitse su tsiyaye cikin shabakiyya. Ruwan ya kumbura ta, kitsen ya daskare ya bar rawayen tabo. In yoyon a gefe yake, mutum ba zai san ana yi ba. In ya kai makula, sai layin Mushafi ya fara lanƙwashewa, haruffan tsakiya su yi ɓatan dabo, a gane muryar mutum kafin fuskarsa.

A lokaci guda, cikin jijiyar yakan yi danƙo. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda dama sun fi bututun girma, sai su riƙa maƙalewa, su tare hanya, su raunata ƙwayoyin shafe. Ƙarshe jijiyar ta zama fanko, ba ƙwaya ba jini. Duk filin da take ciyarwa ya shiga yunwar oksijin.

Nan ne jiki ke yin gyaran gangar Auzinawa. Yankin da ke cikin yunwa yakan fitar da wani sinadari, VEGF, wanda ma'anarsa ita ce "a kawo sababbin jijiyoyi". A ciwon da ke warkewa a fata wannan kira alheri ne. A ido kuwa yana ƙara buɗe ɗinkin da ya rage, kuma jijiyoyin da yake tsirarwa ba su da ƙwari, ba su da isassun masu runguma, ba sa ma zuwa inda ake yunwar. Sukan yi yaɗo a fuskar shabakiyya, su kama ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika cikin ido. A 1994 masu bincike a Boston suka auna ruwan idon marasa lafiya suka tarar VEGF ya yi yawa ƙwarai a idon da ke tsirar da irin waɗannan jijiyoyi.

Wata rana ɗaya daga cikinsu ta fashe. Mutum ya ga kamar ƙudaje, ko yanar gizo-gizo, ko baƙin hayaƙi, ko duhu gaba ɗaya. Wannan ita ce safiyar da muka fara da ita. A wurin mai ido dare ɗaya ne; a wurin ƙwayoyin, shekara goma ce ko fiye. In an bar shi, yaɗon yakan zama tabo, tabon ya tsuke ya ɓamɓaro shabakiyya daga bango. Wani lokacin kuma jijiyoyin su tsiro a gaban ido su toshe magudanar ruwansa, ya zama hawan jinin ido mai tsananin zafi.

Har zuwa jajibirin wannan rana, mutum na iya karanta lambar mota daga nesa, muddin makularsa ba ta jiƙe ba. Ga kuma ido na biyu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutum nawa ne a cikinmu ke rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan?

Tun ran gini ran zane

Akwai wani gwaji da aka yi da karnuka a Jami'ar Wisconsin, aka buga a 1987. An bar sugansu a sama shekara biyu da rabi. Da aka duba, idanunsu kusan ba su nuna komai ba. Sai aka daidaita musu suga sosai na wasu shekara biyu da rabi. Duk da haka cutar ta fito. An riga an shuka ta.

A mutane ma an ga haka. Tsakanin 1983 da 1993 an bi mutum 1,441 masu nau'in suga na ɗaya, wanda jiki ke daina yin insulin, a Amurka da Kanada. Rabi an matsa musu har tarakuminsu ya sauka wajen 7, rabi suna wajen 9. A cikin waɗanda idonsu ke lafiya da farko, matsawar ta rage haɗarin kamuwa da kashi 76 cikin ɗari. A cikin waɗanda ta riga ta fara taɓawa, ta rage ci gabanta da kashi 54. Bayan an gama, sugan ɓangarorin biyu ya dawo kusan ɗaya, amma shekaru da yawa bayan haka waɗanda suka riƙe da wuri suna gaba a lafiyar ido. Ƙanzo ba ya kankaruwa da sauri, murhun da ya lalace yakan ci gaba da tartsatsi, alamun da aka liƙa wa kundin gado sukan daɗe.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancinmu nau'i na biyu ne ke kama mu, shi kuwa yakan yi shekaru a jiki ba a sani ba. A wani babban bincike na Birtaniya, sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gano musu suga sabo-sabo an tarar ya riga ya taɓa bayan idonsu. Wannan binciken, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya kuma nuna riƙe hawan jini ya rage taɓarɓarewar ido da wajen kashi ɗaya cikin uku. Tiyon da ya yi rauni ba a ƙara masa ƙarfin famfo. A Saudiyya, inda ake ƙiyasta aƙalla babba ɗaya cikin kowane shida yana da suga, wannan ba labarin wasu ba ne.

Kada a fahimce ni a baibai: wanda ya makara, riƙewa har yanzu tana amfanarsa. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a faɗa, don shi ma yana ciyar da jita-jita. Idan tarakumi ya daɗe a sama ƙwarai sannan aka faɗo da shi cikin ƙanƙanin lokaci, idon da dama ya taɓu yakan iya ƙara lalacewa na ɗan lokaci. An ga haka da insulin, an kuma gan shi a gwajin 2016 na maganin da ke cikin Ozempic, allurar da yanzu ake rububinta a saidaliyya, wato kantin magani, don rage ƙiba. Ba hujjar ƙin magani ba ce. Hujja ce ta a duba bayan ido kafin a fara, likitan suga da na ido su san abin da juna ke yi.

To leza da allura fa?

Masu tsoron leza suna da gaskiya a wani ɓangare. Leza ƙuna ce. Likita yakan yi ɗigon ƙuna sama da dubu a gefen shabakiyya, da gangan, ya kashe yankin da ke kukan yunwa don ya daina fitar da VEGF. Ana sadaukar da gefe don a ceci tsakiya. Bayan an yi, ganin dare da na gefe kan ragu, wani har tuƙin dare ya gagare shi. Likitan da bai faɗa wa mara lafiya wannan ba tun farko, ya taimaka wa jita-jita. Amma babban gwajin da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna leza na rage haɗarin mummunar makanta da rabi ko fiye a idon da ya fara tsiro.

Allurar kuwa maganin kama VEGF ce: Avastin, wanda asalinsa na ciwon daji ne, da Lucentis da Eylea da ire-irensu. Ana sa ɗigon kashe zafi, a shigar da ita ta farin ido, cikin daƙiƙoƙi an gama. Tana busar da makula, tana janye tsiron. Rauninta shi ne ƙarfinta na ƙarewa cikin makonni, ita kuwa yunwar tana nan. Da farko sau da yawa wata-wata ake yi. Wanda ya yi biyu ya ga sauƙi ya daina, ko kuɗi suka yanke masa, ko ya tafi gida Najeriya ko Nijar ya yi wata shida, cutar takan dawo, wani lokacin da fushi. Akwai kuma haɗarin shigar ƙwayar cuta, wanda ba kasafai ba ne amma mai tsanani ne. Ja da zafi da raguwar gani bayan allura, a koma asibiti a ranar.

Abin da nake gani shi ne: yawancin waɗanda ake ba da labarinsu sun je ne a ƙurarren lokaci, jijiyoyin sun riga sun nuna, saura fashewa. An yi leza, bayan sati biyu jini ya zuba, laifi ya hau kan leza. Mai kashe gobara aka gani a gidan da ya ƙone, aka ce shi ya cinna.

Batun kuɗi kuwa ba a ɓoye shi. Ɗan ƙasa yana da markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin unguwa, da takardar turawa har zuwa manyan asibitoci irin na Sarki Khalid na ido da ke Riyad. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, da ke aiki a kamfani yana da inshora, ko da yake sai an jira amincewarsu. Wanda ba shi da ko ɗaya, kuma muna da su da yawa, daga aljihu ne. Shi ya fi kowa buƙatar duba da wuri, don hoton bayan ido sau ɗaya a shekara ba ya kusa da kuɗin allurar wata-wata.

"An gano ganyen da ke kare ido"

Irin wannan saƙo ba ya yankewa a WhatsApp, kuma wani lokacin akwai bincike na gaske a bayansa. Ga yadda ake yinsa: a shuka ƙwayoyin shafe a faranti, a zuba musu ruwa mai gulukos da ya kai kwatankwacin 450 a na'urar awonmu, a bar su kwana biyu ko uku, a ɗiga sinadarin ganye, a ƙirga waɗanda suka rayu. Aiki ne mai amfani; da irinsa aka gano yawancin abin da na bayyana a sama. Amma faranti ba shi da hanta da za ta narkar da sinadarin, ba shi da hawan jini, ba shi da shekara goma. Magungunan da suka faɗi a gwajin mutane, su ma sun yi nasara a faranti. Habbatus sauda da zuma suna da matsayinsu a wurinmu, sai dai ɗiga su a ido ba ya kaiwa bayan ido, zumar da aka sha kuwa suga ce a jini.

Azumi, juna biyu da sikila

Ana yawan ɗage duba ido da allura saboda Ramadan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi muddin an kauce wa haɗiye abin da ya kai maƙogwaro, haka ma allurar da ba ta abinci ba. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, ana tsanantawa idan ɗanɗanon ya kai maƙoshi. Danne kusurwar ido ta gefen hanci na minti ɗaya ko biyu yana rage gangarowar, ga kuma asibitoci da yawa na aiki bayan tarawihi. Mutum ya tambayi malaminsa, amma kada wata guda ya zama uku. Abin da ya fi cutar da jijiyoyin a watan shi ne teburin buɗa baki: Vimto, sobiya, luƙaimat, sannan shinkafa.

Mace mai suga tun kafin ciki, juna biyu na iya hanzarta cutar, don haka a duba ta a watannin farko. Mai sikila kuma, ko mai ɗauke da rabinta, ya gaya wa likita: wasu na'urorin tarakumi sukan ba da lambar da ba daidai ba a irin jininsa, kuma sikila da kanta, musamman nau'in SC, tana toshe jijiyoyin shabakiyya.

Sunan abin da za a nema

Gwajin mai tabarau na karanta haruffa a bango ba shi ne ba. Abin da za a ce a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, shi ne fahas ƙa'ul ain, duba ƙasan ido. Mai nau'i na biyu ya yi shi da zarar an gano ciwon, mai nau'i na ɗaya cikin shekara biyar, daga nan kowace shekara ko yadda likita ya tsara. Za a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, gani ya yi hazo na wasu awanni, don haka a zo da mai tuƙi da baƙin gilashi, ranar Hijaz ba ta da sauƙi ga buɗaɗɗen ido. In ana zargin makula, a ƙara da hoton OCT, wanda ke nuna kaurinta da ruwan da ya kwanta a ciki. A nemi a ga hoton da ido, a kuma riƙe kwafinsa, musamman mai yawan tafiya gida.

Kawu dai ya je, bayan Inna ta ce ba za ta ƙara dafa masa shayi ba sai ya kawo mata sakamako. An sami ɗigo-ɗigo a idanun biyu da ɗan yoyo a na hagu, bai kai makula ba. Ba a yi masa leza ba, ba a yi allura ba. An ƙara masa maganin hawan jini, an ce ya dawo bayan wata shida. Da muka fito yana laluben hannuna saboda hasken rana, ya ce, "To ai ka gani, sun taɓa shi ya lalace." Kafin la'asar yana karanta lambar mota.